Na Je Wankan Jego, Na Ƙare a Wankin Mota

Tun da na dawo gida bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka, kafin ta gama zama sai ta ce, "To Hajiya, yaya Amurkar?" In na fara ba da labari sai wata ta yi sallama, a ce in koma farko. Hajiya Rabi maƙwabciyata ta ji labarin buroshi har ta fi ni iya ba da shi, tana ƙara masa gishirin da ban sa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in zuba shi gaba ɗaya yadda ya faru, wadda ta zo daga baya a miƙa mata ta karanta, ni kuma in koma kan haɗa turaren wutana da na bari.

Autata Zainab ce ta kusa haihuwar fari a wani gari da ake kira Greensboro, can North Carolina. Mijinta mutumin Maraɗi ne. Sunansa Lawali. Na rubuta shi nan don ku san shi, amma tun da aka ɗaura aurensu har na yi tafiyar nan ban taɓa kama sunan nan a bakina ba. Mu a gidanmu haka muka tashi: suruki ya gaishe ki daga zaure, ki amsa daga ɗaki. Ko a waya in ya karɓa don ya gaishe ni, "lafiya lau" da "madalla" ne iyakarmu, sai ya mayar wa matarsa.

Daga Katsina muka ɗauki hanyar Abuja, maigidana Alhaji ya raka ni. Tun daga Funtua har Kaduna nasiha yake yi mini, kamar shi ya taɓa zuwa: kada in karɓi jakar kowa, kada in yi wa ɗan kowa faɗa, kada in shiga harkar gidan mutane. Na ce to. Jakata ɗaya kaya ce, ɗayar kuwa kasuwa ce sukutum: kuka, daddawa, kanwa, yajin jego, gero, kilishi, da damin ganyen darbejiya da na busar don wanka.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Bayarabiya, ma'aikaciyar asibiti a can, wadda aka haifa a Zariya, Hausarta tas. Ita ta nuna mini yadda ake kwance ɗan teburin nan na cin abinci bayan na yi ta kokawa da shi. Ta ce, "Mama, shawara ɗaya zan ba ki. In sun tambaye ki ko kina ɗauke da abinci, ki ce kina da shi. Su ƙwace abu ba laifi ba ne a wurinsu, ɓoyewa ce laifi."

Na gode mata ƙwarai da muka sauka. Jami'in da ya duba fasfona ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Turancin firamarena ya gudu ya bar ni, sai na haɗa hannuwa na yi alamar rarrashin jariri. Ya yi murmushi ya buga hatimi. Wajen ɗaukar kaya ne wani ɗan kare mai faɗaɗan kunnuwa, sanye da riga, ya zo ya shinshina jakata ya zauna daram a gefenta. Na tattare zanena na ja baya. Ashe aikinsa ke nan, ma'aikaci ne. Wata jami'a baƙar fata ta buɗe jakar ta kwashe kilishi, da gero, da ganyen darbejiyata. Da ta zo kan daddawa ta kwance ledar ta kai hanci, idanunta suka kawo ruwa. Ta ɗaure da sauri ta miƙo mini da hannu biyu, kamar ita ce ke roƙona in tafi da ita.

Daga nan wani ƙaramin jirgi ya kai ni Greensboro. Ina ta baza ido in ga Zainab, sai na ga surukina shi kaɗai tsaye da rigar sanyi a hannu. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar Turawa, idonsa a kan takalmina.

"Hajiya, kun sauka lafiya? Ita ma ta sauka lafiya, kuna cikin jirgi. Mace aka samu."

Da 'yata ce ta faɗa mini da na rangaɗa guɗa a wurin. Da yake shi ne, sai na ce, "Alhamdulillahi, Allah ya raya," na haɗiye sauran. A mota na shige kujerar baya. Duk abin da zai faɗa, gilashin gaba yake faɗa wa, ni kuma in amsa wa taga.

Gidansu a wata unguwa ce da ake kira Glenwood. Tsofaffin ƙananan gidaje ne na katako, babu katanga, babu zaure. In ka taka ƙasa sai ta yi ƙara, in ka yi tari a ɗaki na falo ya ce maka sannu. A irin wannan gida ina suruki zai ɓuya? In na shiga kicin sai ya fice ta ƙofar baya ya tsaya cikin sanyi. Abincinsa a mota yake ci. Maƙwabta yawanci ɗalibai ne, sai ka ga budurwa da gajeren wando a cikin wannan sanyin tana jan kare, ta ɗaga maka hannu kamar kun saba.

Wankan jego kuwa sai da aka yi sulhu. Likita ya hana ruwa mai tsananin zafi, ganyena kuma yana hannun hukuma. Muka koma tawul da ruwan famfo mai ɗumi a cikin bahon wanka. Kunun kanwa dai na dama da garin gero da aka sayo a shagon wani mutumin Damagaram, kuma ta sha. Ranar da na ce bari in turara ɗakin mai jego, ina zuba turare a kan garwashi wata 'yar na'ura a silin ta ɓarke da ihu, jaririya ta tayar da nata, maƙwabci ya fito ba takalmi. Tun daga ranar a bakin ƙofar baya nake turara kayansu, ina rawar ɗari.

An yi suna a wani zaure da aka kama. Yarinya ta ci sunan mahaifiyar surukina, ana kiranta Ummi, ni kuma na samu sauƙi, na koma ce masa Baban Ummi in ina magana da Zainab. Ban taɓa zaton akwai Hausawa haka a bayan duniya ba. Mutanen Nijar ne suka fi yawa, suna ta "bon" da "dakor" na Faransanci a tsakiyar magana. Ka gai da yaro da Hausa ya amsa maka da Turanci, amma dambun zogale bai bar ko tsinke a faranti ba.

Bayan suna gida ya yi tsit, ni kuma zama ya ishe ni. Na share abin da ba ya buƙatar shara, na gyara wa Zainab riƙon jariri har ta fara kumbura. Wata Asabar da safe ta ce wa mijinta a gabana, "Don Allah ka tafi da Mama wurin wankin mota ta sha iska. Ni barci nake so." Muka dubi bango, ni da shi. Motar aikinsa a-kori-kura ce, ba ta da kujerar baya. Haka na shiga gaba na manne da ƙofa, shi ma ya manne da tasa, tsakaninmu wurin da za a ɗaure akuya.

Wurin na surukina ne, yana hanyar McLeansville, inda gari ya fara ƙarewa gonaki suka fara. Rumfuna ne na bulo a jere, kowace mota ɗaya take ci. Ba kowa a ciki, ba mai bokiti, ba mai soso. Mai mota shi zai shigo, ya zuba kuɗi a wani akwati a bango, ya murɗa, ya ɗauki bindigar ruwa ya fesa. Sannan ya ɗauki wani dogon buroshi da aka jona da tiyo daga sama, kumfa na fitowa ta cikin gashinsa, ya goge motarsa da kansa. Na ga wani mutum da kwat da laktaye ya naɗe hannun riga yana dirzar taya. A Katsina in aka ga Alhaji yana wanke motarsa da kansa ai sai a ce ya karye. Nan kuwa biya suke yi a bar su su yi aikin.

A nan na haɗu da Mista Jim, tsohon Baturen da ya sayar wa surukina wurin. Ya sayar amma ƙafarsa ta ƙi yarda, kullum sai ya zo da kujerarsa ta naɗewa ya zauna a hantsi. Ba na jin maganarsa, don kamar yana tauna ta yake, shi ma ba ya jin tawa, amma muka yi ta hira da hannu. Matarsa ta aiko mini da kuɓewa da aka yayyanka aka tsoma a garin masara aka soya. Kuɓewa babu yauƙi. Na ci don kara, sai na ga hannuna yana komawa. Shayinsu kuma da ƙanƙara ake sha, a cikin sanyin nan. Wannan kam na gode na ajiye.

Na lura motoci ba su da yawa, kuma fuskar surukina ba walwala. Da muka koma gida na tambayi Zainab. Ta ce duk abin da ya tara a shekarun da ya yi yana tuƙin babbar mota a wurin nan ya zuba. Da farko direbobinmu masu tasi da masu kai kaya duk can suke zuwa. Sai buroshin suka tsufa, gashinsu ya cinye ya yi tauri, kumfar ta koma ruwa-ruwa. Ranar nan Alhaji Garba, dattijon da direbobin ke ji da maganarsa, ya wanke sabuwar baƙar motarsa, da ta bushe ya ga karce a jikin ƙofa. Bai yi faɗa ba, daina zuwa kawai ya yi, sauran suka bi shi.

"Ya yi odar sababbin buroshi," in ji ta. "Mista Jim ya ce su ne mafi kyau a ƙasar nan. In wannan bai dawo da mutane ba, sai dai ya sayar ya koma kan titi. Ni kuma ba na son ya koma, Mama. Sai ya yi mako ban gan shi ba."

Kwalin ya iso gida ranar da ba ya nan. Zainab ta ce in buɗe in ga ko wani abu ya fashe. Kawunan buroshi ne masu faɗi, gashinsu fari-fari da ruwan ƙasa, ga laushi kamar gashin jariri. Na shafa a bayan hannuna, na shafa a kumatu. Dama tsintsiyar gidan ta roba ce, tana cinye mini darduma. Na zari ɗaya na kai ɗakina. Kullum kafin salla sai in share dardumata da shi, ta yi lumas, ina sa wa Turawa albarka a zuciyata.

Wata safiya ya zo wucewa ta ƙofar ɗakina ya hango ni ina shara. Na ji ya tsaya, sannan ya wuce da sauri. Jim kaɗan na jiyo ƙus-ƙus a ɗakinsu, sai dariyar Zainab, tana yi tana cewa wayyo cikinta. Na ji ta ce, "A'a wallahi. Kai ka sayo, kai za ka faɗa mata."

A mota ya faɗa mini, muna tsaye a danja. Ya yi gyaran murya har sau nawa.

"Hajiya, buroshin nan da kuke shara da shi. Jiya da na kai sauran wurin aiki Mista Jim ya yi mini bayani. Ni ban sani ba lokacin da na saya, Allah ne shaidata." Ya sake gyaran murya. "Gashin alade ne."

Na dubi hannuna. Na tuna kumatuna. Na tuna goshina a kan darduma. Danja ta ba da hannu, na bayanmu ya yi oda, shi kuwa ya kasa tafiya, gumi na tsattsafo masa a cikin sanyi. Ganin babban mutum mai gemu ya koma kamar wanda aka kama da hannu a tukunya, sai dariya ta ƙwace mini. Na toshe baki da mayafi, ta ƙi tsayawa.

Na ce, "Juya mu ɗauko dardumar."

Ita ce magana ta farko da na taɓa yi masa kai tsaye. A bangon kowace rumfa akwai maƙalai na ƙarfe inda ake rataye shimfiɗar ƙafa ta mota a wanke. Nan muka maƙale dardumata. Ya miƙo mini bindigar ruwa ya ce in riƙe da hannu biyu. Ina matsawa ta ture ni baya sai da na yi taga-taga, Mista Jim ya tashi daga kujerarsa yana tafa mini. Dardumar nan tun da na sayo ta a Madina ba ta taɓa ganin wanki irin na ranar ba.

Ranar Juma'a surukina ya tambayi liman. Liman ya ce malamai sun saɓa, akwai waɗanda suka ce gashin da aka aske ba najasa ba ne, akwai waɗanda suka ce a nisance shi, ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Sai ya dawo ya fi da rikicewa. Mista Jim ya dage cewa babu abin da ya kai gashin nan laushi da riƙe kumfa, kuma a yawancin wuraren wankin mota shi ake sa wa, ba wanda ke tambaya. Surukina yana tsoron ya sake sayen na roba a sake karce motar wani, ya rasa na ƙarshen da suka rage.

Muna hanyar gida yana ta juya maganar shi kaɗai, yana faɗa wa gilashi. Na tuna nasihar Alhaji ta kada in shiga harkar gidan mutane, na ajiye ta gefe.

Na ce, "Baban Ummi, ni ba malama ba ce. Amma mutanen da kake son su dawo, da alwalarsu suke fita aiki. Kumfar nan za ta gangaro musu a hannu, ta taɓa musu riga. Ko liman ya ce ba komai, in suka ji daga baya a bakin wani, ba gashin zai ɓata musu rai ba, shirun da ka yi ne. In kuma ka faɗa musu, rabinsu ba za su taɓa ba. Ba a yin na roba mai laushi?"

Ya ce ana yi, wanda aka tsattsaga bakin gashinsa ya yi taushi, sai dai ba ya daɗewa kamar wancan, sai an riƙa canzawa a kai a kai.

Na ce, "To ka riƙa canzawa. Tsintsiya ma ai ba gado ake ci da ita ba."

Ya mayar da kwalin aka musanya. Wanda na yi shara da shi ba su karɓa ba, Mista Jim ya ɗauke abinsa yana murna, ya ce motarsa ba ta da addini.

Ranar da za a ɗaura sababbin, da ni aka yi. Ashe ba kan buroshi kawai ba ne aikin. A bayan rumfunan akwai ɗakin inji, da durom na sabulu, da injin iska mai ƙara kamar na niƙa. Sabulu da ruwa da iska ne ke haɗuwa su bi ta wani bututu da aka cusa wa abu kamar soson ƙarfe, a nan suke zama kumfa. Da suka kwance bututun, abin cikin ya daskare da dauɗa kamar ƙanzo. Ni na zauna da bokiti na wanke shi, aikin da na fi su iyawa. Aka canza tiyon da suka tsage, aka sa sabulun hunturu wanda ba ya daskarewa a cikin tiyo. Surukina ya kawo mini kala-kala in zaɓi ƙamshi, tun da sana'ata ce. Akwai wani ja mai warin maganin tarin yara, na ce a kai shi nesa. Na zaɓi mai lemun tsami.

Saura a daidaita iska da sabulu. Mista Jim ya tafi cin abinci. Surukina ya ce in tsaya a rumfar farko in riƙe buroshi, shi zai shiga ɗakin inji yana murɗawa, in kumfa ta yi kauri yadda ba ta zuba in yi masa magana. Ya shiga, inji ya tashi. Kumfa ta fara fitowa tsararo, sannan ta fara kauri, gwanin sha'awa. Sai na ji wani abu ya yi fat a samana. Tiyon da ke kan ƙarfen sama ne ya ƙwace, ba a ɗaure shi da kyau ba. Kumfa ta fara zubo mini a ka kamar an kifa ƙwaryar kindirmo. Ta rufe mini tabarau, ƙasa ta yi santsi, ban isa in ɗaga ƙafa ba. Na dogara da sandar buroshi.

Na ce, "Malam." Inji ya cinye.

Na ɗaga murya, "Baban Ummi." Shi kuma jin ban yi magana ba, ya zaci kumfar ba ta isa ba, sai ya ƙara iska.

Na ce, "Bawan Allah." Kumfa ta shiga bakina. Lemun tsamin da na zaɓa da kaina.

Na cika ƙirjina na ƙwala, "Lawali!"

Inji ya mutu nan take. Ya fito a guje, ya taka kumfa, ƙafafunsa suka yi sama, ya zauna daɓas a gabana. Na share tabarau na dube shi, ya dube ni, karo na farko ido cikin ido: ni fara fat tun daga ɗankwali har ƙafa, shi a zaune a cikin kumfa har ƙugu. Ya yi ƙoƙarin ya ce in yi haƙuri, bakinsa ya ƙi. Muka yi dariya har na nemi bango na jingina. Da ya samu numfashi ya ce, "Mama, ashe kun san sunana." Tun daga ranar bai sake ce mini Hajiya ba, kuma a daren nan a falo ya ci tuwonsa, ina zaune.

Sababbin buroshi sun hau, kumfa ta yi kauri, amma direbobi ba su sani ba. Mista Jim kuma ya nuna mana wani abu: ya ce ko buroshin zinariya ne, in wani ya wanke tayar da ta sha laka ya mayar, yashin da ya maƙale shi ke karce motar na bayansa. Maganin kawai a fesa wa buroshin bindigar ruwa kafin a ɗora a mota. Surukina ya fara bi yana wanke su safe da yamma.

Alhaji Garba kuwa a shagon mutumin Damagaram na gamu da shi, na je sayen garin gero. Surukina ba zai iya tunkararsa ba, a shekaru ƙanin ƙaninsa ne. Ni kuwa sa'ana ne. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, ka zo suna ka ci dambunmu, amma ka hana mu ganin motarka."

Ya yi murmushi. "Hajiya, ba fushi na yi ba. Motar ce abincina."

"Wurin nan ma abincin jikata ne. Ka kawo ta ranar Asabar. Ya canza komai. Har ma sai da ya sayo masu tsada, da ya ji da gashin alade aka yi su ya mayar, saboda ku."

Ya ɗaga gira. "Gashin me?"

Na ba shi labarin darduma tun daga farko. Mai shago ya bar awo ya zo yana saurare. Kafin in kai ƙarshe Alhaji Garba ya cire hula yana share ido.

Ranar Asabar ya zo. Na karɓi bindigar ruwa da hannu biyu, na kafa ƙafa yadda na koya, na fesa wa buroshin sai da ya fita fes, na miƙa masa. Ya shafa gashin da yatsa, ya fara daga rufin mota. Kumfa na sauka a kan baƙin fenti luƙui-luƙui. Surukina yana ƙofar ɗakin inji, ya harɗe hannuwa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Da aka ɗauraye, Alhaji ya fitar da motar rana, ya sa tabarau, ya zagaye ta a hankali yana sunkuyawa. Bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Ya ce, "Ƙamshin nan fa?" Na ce ni na zaɓa. Ya gyaɗa kai ya tafi.

Asabar ta gaba sai da motoci suka yi layi har bakin titi. Ashe labarin darduma ya zagaye garin, kowa yana son ya ga tsohuwar. Na zama mai gadin buroshi. Duk wanda ya shigo, Bahaushe ko Bature ko ɗan Meziko, sai in nuna masa bindiga, in nuna buroshi, in ce "fesa". Wata mata mai jan gashi ta koyi kalmar, in ta hango ni daga mota sai ta leƙo ta ce "fesa", mu yi dariya.

Zainab ta yi arba'in lafiya, Ummi ta yi kumatu, lokacina ya cika. A filin jirgi Zainab ta yi kuka, ni ma na taya ta. Shi ya ja mini jaka har inda ake tsayar da masu rakiya. A nan ya ce, "Mama, in sanyi ya wuce zan yi wa rumfunan fenti. Wane launi kuke so?" Ban ko yi tunani ba na ce kore.

Shekaranjiya hoton rumfunan ya shigo wayata, daga lambarsa, ba ta matarsa ba. Na sa tabarau na duba da kyau, sannan na kira shi da kaina. Alhaji yana gefe yana shan fura, ya ajiye ludayi yana kallona. Muka gaisa, na tambayi Ummi, na tambayi Mista Jim, na tambaya ko ana wanke buroshi safe da yamma. Sannan na ce masa koren ya yi duhu, ba irinsa nake nufi ba.

Ya ce, "To Mama, za a sake."